Kafin A Kai Kwikwiyo Bola

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a kan wani al'amari da ba kasafai ake kawo shi jarida ba, alhali da wuya ka sami unguwa a garin Jos da ba ta san shi ba. Ina nufin 'yan kwikwiyon da ake ɗaukowa gida da ɗoki domin gadi, a yi mako biyu ko wata guda da su, sai a wayi gari maigida ya sa yara sun kai su bola ko bakin rafin Dilimi sun yasar, ba don sun ciji kowa ba, sai don sun ɓata tsakar gida da kashi da fitsari. Ni ma saura ƙiris in aikata haka, shi ya sa nake ganin ina da abin faɗa.

Ni tsohon malamin makaranta ne, ina zaune a bayan gari ta wajen hanyar Bauchi, ina kiwon 'yan awaki da kaji. Bayan da ɓarayi suka haura mana katanga sau biyu a damina guda, sai na yanke shawarar ajiye kare. Wani maƙwabcinmu da karyarsa ta haihu ya ba ni ɗaya daga cikin 'ya'yanta bayan sun cika mako 8, baƙi wuluk mai farin ƙirji, yara suka sa masa suna Duna. Watan Disamba ne, hunturu ya kankama. Ba a yi kwana uku ba gidan ya ɗauki wari. Duna ya yi fitsari a gindin randa, ya yi kashi a daidai inda uwargida take shimfiɗa tabarma ta tsince shinkafa, ya kuma yi a bakin ƙofar ɗakin da take salla. Ranar da ta taka da ƙafarta za ta fito alwalar asuba, ta tsaya ta ce da ni, "Malam, ko dai ka san yadda za ka yi da abin nan, ko ya bar mana gida." Ban ga laifinta ba, domin ita ce mai shara da wanki, kuma maganar tsarki ba abin wasa ba ce.

Da farko na bi shawarar da kowa ya ba ni, wato in kama shi in goga hancinsa a cikin ƙazantar, in tsula masa tsumagiya, wai ta haka zai gane. Na yi hakan sau da yawa, har yau kuma ina nadamarsa. Abin da ya biyo baya shi ne Duna ya daina yi a gabana, ya koma laɓewa bayan buhunan masara da ƙarƙashin akurkin kaji, inda ba ma ganowa sai wari ya tashi. In kuwa ya hango ni da wani abu a hannu, sai ya kwanta ya saki fitsari saboda tsoro. Da na kai shi allura wurin likitan dabbobi, wani matashi mai haƙuri, na koka masa, sai ya tambaye ni ko na taɓa dukan jaririn wata biyu don ya jiƙa zanen goyo. Ya ce, "Baba, kwikwiyon nan bai san saboda wurin da ya yi ka doke shi ba, abin da ya fahimta kawai shi ne yin kashi a gabanka haɗari ne." Ya zaunar da ni ya yi mini bayani, na bi abin da ya faɗa sau da ƙafa, kuma abin da na gani da idona ne nake so in isar ga masu karatu.

Tushen abin duka shi ne a san cewa kwikwiyo ba ya iya riƙe fitsari, domin mafitsararsa ƙarama ce, kuma bai mallaki ikon matse ta ba tukuna. Ma'aunin da masu horon karnuka suke bi shi ne kimanin awa guda ga kowane wata da ya yi a duniya, wato ɗan wata 2 ba a sa ran ya wuce awa 2 zuwa 3 bai yi ba, ɗan wata 4 kuwa yana iya kai awa 4 ko 5. Akwai kuma lokutan da babu makawa sai ya yi: da zarar ya farka daga barci, da 'yan mintoci bayan ya ci ko ya sha, da bayan ya yi guje-guje da yara. Wanda ya riƙe waɗannan lokuta ya ci rabin aikin, domin horon duka bai wuce a riga shi ba, a kai shi inda ake so kafin cikinsa ya matsa masa.

Na zaɓi wani lungu a bayan gida, can jikin katanga, nesa da rijiya da madafa da igiyar shanya, na zuba yashi baro guda. Na ɗebo 'yar ƙasar da ya taɓa jiƙawa da fitsarinsa na barbaɗa a kai, saboda kare da hanci yake gane makewayinsa. Kullum kafin kiran assalatu sai in buɗe masa, in ja shi da igiya mai laushi zuwa lungun in tsaya, kuma wanda yake ƙyanƙyamin taɓa kare da hannu, wannan igiyar ta wadatar da shi. A nan ne ake bukatar haƙuri, don wata rana sai mu yi minti 10 a tsaye cikin hazo, ina lulluɓe da bargo iska tana yankar kunnuwana, shi kuwa yana ta shinshine-shinshine yana zagaya yashin. Ba na wasa da shi a wurin, ba na ce masa komai sai kalma guda da nake maimaitawa, "yi nan". Da ya tsuguna ya gama, kafin ya ɗaga ƙafa daga wurin, sai in yaba masa da murya mai daɗi in jefa masa guntun ƙanzo ko ɗan busasshen kifi da na ajiye a aljihu. Wannan hanzarin shi ne ginshiƙin aikin, domin kare yana danganta lada ne da abin da ya aikata yanzu-yanzun nan. In aka jinkirta har aka dawo tsakar gida, zai ɗauka ladan dawowa aka ba shi.

Abinci ma sai da na daidaita masa lokaci. Da can kwanonsa yana cike daga safe har dare, duk wanda ya rage tuwo ya juye masa, don haka cikinsa ba shi da ƙa'ida. Na mayar da shi sau 3 a rana, in ɗauke kwanon bayan kimanin minti 15 ko ya cinye ko bai cinye ba, na dare kuma a ba shi kafin magariba, amma ruwan sha yana nan a ajiye duk wuni. Cikin 'yan kwanaki na iya faɗin lokacin da zai nemi lungunsa kamar mai duba agogo.

Sai maganar makwanci. Allah Ya halicci kare da ƙin ɓata inda yake kwana, kuma da wannan ɗabi'ar ake cin nasara a kansa. Na sa kafinta ya haɗa masa ɗan ɗaki na katako a inda iska ba ta bugawa, na shimfiɗa buhu da tsohon bargo, girmansa daidai yadda zai miƙe tsaye ya juya ya kwanta, domin in ɗakin ya yi faɗi zai kwana a gefe guda ya mayar da ɗaya gefen makewayi. A nan yake zama in babu mai sa masa ido, kuma a makonnin farko nakan tashi sau ɗaya cikin dare in fitar da shi. Ina jan hankalin masu karatu cewa wannan ɗakin wurin hutawa ne na 'yan awoyi. Wanda ya kulle kwikwiyo tun safe ya tafi kasuwa sai dare, ya tilasta masa kwanciya cikin ƙazantarsa, kuma ya kashe masa ɗabi'ar da ake son a yi gini a kanta.

Kuskure kuwa dole ne a yi ta samunsa. In na kama shi yana cikin yi a inda bai dace ba, sai in tafa hannu sau ɗaya don ya dakata, in kai shi lungu, in ya ƙarasa a can in ba shi ladansa. In kuwa sai bayan ya gama na tarar, sai in kwashe ba tare da na ce masa uffan ba, in wanke wurin da sabulu har warin ya fita sarai, in daɓen ƙasa ne in kankare saman in zubar, domin muddin hancinsa yana jin warin a wuri to zai koma. Na kuma tara mutanen gidan na gaya musu kalma ɗaya ce, lungu ɗaya ne, kuma babu mai dukansa. Ƙaramin jikana ne ya fi kowa gane alamarsa; da ya ga ya sa hanci a ƙasa yana kewaya wuri guda sai ya ƙwala kira, "Kaka, Duna zai yi!" Bayan mako uku ɓarnar ta ragu ƙwarai, kafin ya cika wata 6 kuma ta ɗauke gaba ɗaya, wanda likitan ya ce shi ne abin da aka saba gani. Ya ƙara da cewa in karen da ya riga ya horu ya dawo yana ɗiga fitsari ko'ina, ko yana gudawa, a kai shi asibiti, domin sau da yawa ciwo ne.

Amfanin wannan horo ya wuce kawar da wari. Yawancin 'yan kwikwiyo da tsutsar ciki ake haihuwarsu ko su sha ta a nono, ƙwayayenta kuma suna fita cikin kashinsu su zauna a ƙasa, bayan 'yan makonni su zama masu iya kama yaron da ke rarrafe yana kai hannu baki. In kashin yana wuri guda, ana kwashe shi kullum a binne ko a zuba a masai, ana kuma ba kwikwiyon maganin tsutsa yadda likita ya tsara, an toshe wannan ƙofar.

Na san akwai waɗanda za su ce me ya haɗa Musulmi da wahalar kare. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, amma abin da muka karanta a zaure sananne ne: an yi rangwamen ajiye kare domin farauta da tsaron dabbobi da gona, malamai da dama kuma sun haɗa da gadin gida in akwai bukata, aya ta 4 a Suratul Ma'ida ma ta ambaci dabbobin farauta da aka horar. Ba na kira ga kowa ya shigar da kare ɗakin kwanansa, nawa ma iyakarsa tsakar gida da bayan gida. Wanda ba shi da bukatar kare kada ya ɗauko shi. Amma wanda ya ɗauko da hannunsa ya ɗauki amana, kuma duk mun san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Kwikwiyo ɗan wata biyu da aka ajiye a bola cikin sanyin Janairu bai fi wannan kyanwar gata ba.

Waɗanda suka rayu daga cikinsu su ne karnukan da muke gani garke-garke a mahauta da bayan kasuwanni, babu mai su, babu wanda ya taɓa yi musu allura. Karya tana ɗaukar ciki ne kwana 63 kacal, tana kuma iya haihuwa sau biyu a shekara, don haka wadda aka yasar bara ita ce uwar garken bana. A nan ne abin yake dawo mana gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutane kimanin 59,000 a duk shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ciwo ne da in alamunsa suka bayyana kusan babu mai tashi, amma kuma hukumar ta bayyana cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, yaɗuwarsa tana tsayawa, kuma kashe karnukan titi da guba ba ya kawar da shi. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda take can tun 1924 kuma take sarrafa wannan allurar, tana nan kusa da mu, amma da yawa daga masu karnuka a Jos ba su san cewa kwikwiyo yana cika wata 3 ya kamata a yi masa ita ba, a kuma riƙa maimaitawa. Duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana har minti 15, ya nufi asibiti a ranar, kada ya tsaya neman gashin karen ko jiran ya ga abin da zai faru.

Likitan nan ne ya gaya mini akwai wata baiwar Allah a gefen gari da take tsince irin waɗannan karnuka tana kula da su a wani fili da ta kewaye da langa-langa. Na je na gani. Da na shiga na tarar da ita durƙushe gaban wata karya da ƙazuwa ta cinye wa gashi har fata ta yi jajir, tana shafa mata magani da tsumma, a gefe guda kuma wani matashi yana ciro kaska daga kunnen wani kare ɗaya bayan ɗaya yana jefawa cikin gwangwanin kananzir. A cikin wani kwalin taliya akwai 'yan kwikwiyo huɗu da aka ajiye mata a bakin ƙofa da daddare, sun cure wuri guda suna karkarwa. Ta ce mini, "Baba, mafi yawan waɗanda ake kawo mini lafiyarsu ƙalau, masu su cewa kawai suke yi suna ɓata gida." Babu albashi a aikin, babu tallafin kowa, daga aljihunta take sayen garin masara da magani, ga kuma surutun mutane masu cewa ta rasa abin yi. A ganina wannan matar aikin lafiyar jama'a take yi mana a kyauta, domin duk karen da ta ɗauke daga titi ta yi masa allura, ta rage wa yaran unguwa haɗari guda.

Taimakon irin wannan wuri bai fi ƙarfin talaka ba. Abin da na ga suna nema shi ne garin masara da dusa, da tsofaffin barguna da buhuna saboda sanyi, da sabulu da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da katako da kwanon rufi. Mahauta suna iya ware musu tarkacen nama da kayan ciki da ba a saya ba, masu gidajen abinci su tara musu ragowar tuwo da shinkafa, sai dai a kiyaye abin da albasa ta yi yawa a ciki da dafaffen ƙashin kaza, domin albasa tana lalata wa kare jini, ƙashin kuma yana tsagewa ya huda hanji. Wanda Allah Ya hore wa yana iya ɗaukar nauyin allurar kwikwiyo guda, wadda ake farawa tun yana mako 6 zuwa 8 domin kare shi daga ciwon amai da gudawar jini da ke kashe su da yawa, ko ya biya kuɗin fiɗiye namiji ko yi wa mace aikin hana haihuwa, wanda shi ne yake rage yawansu tun daga tushe. Ɗaliban likitancin dabbobi na Jami'ar Jos da ɗaliban kwalejin lafiyar dabbobi ta Vom suna iya ba da yinin Asabar guda a wata. Mai neman karen gadi kuma, maimakon ya kashe kuɗi a kan na ƙasar waje, ya je can ya ɗauki namu na gida da aka riga aka yi wa allura, wanda ya saba da yanayinmu da abincinmu. Ni dai na ɗauki alkawarin kai mata mudu biyar na garin masara duk ƙarshen wata, kuma na ce duk wanda ya karɓi kwikwiyo a hannunta daga ɓangarenmu ta turo shi wurina in nuna masa yadda na yi da Duna. Ina ba da shawara kuma mutum ya je da ƙafarsa ya ga wuri kafin ya ba da kuɗi, ya duba ko akwai ruwa da inuwa da tsafta, ko ana ware marasa lafiya, ko akwai katin allura.

Ina kira ga ma'aikatar gona ta Jihar Filato da ƙananan hukumomin Jos ta Arewa da Jos ta Kudu da su san da zaman waɗannan bayin Allah, su riƙa ba su allurar haukan kare kyauta da ziyarar likita lokaci-lokaci, su kuma riƙa kawo allurar cikin unguwanni ta hannun masu unguwa da limamai da fastoci da shugabannin mafarauta, domin ba kowa ne yake da abin hawan da zai ɗauki kare zuwa asibiti ba. Kai kuma, ya Edita, roƙona gare ka shi ne kafin ranar 28 ga Satumba, wadda ita ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, ka tura wakilinka na Jos ya zagaya irin waɗannan wurare ya rubuto abin da ya gani, ka kuma buga mana ranaku da wuraren da za a yi wa karnuka allura da Hausa, tun da sauran mako biyu, domin mu sami damar sanar da jama'a a masallatai da majami'u.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
Wani tsohon malamin makaranta,
Hanyar Bauchi, Jos.